Ya Iya Kira, Bai Iya Sallama Ba

Duk dillalan da ke kai da kawo a titin Huanshi na birnin Guangzhou, daga gadar Xiaobei har kasuwar tufafi ta Canaan, mutum ɗaya ne za ka tambaya abu ya dube ka ya ce, "Ban sani ba." Sunansa Mas'udu, mutumin Maraɗi. Sauran kuwa, ko injin jirgin sama ka ce kana nema, sai su dafa ƙirji su ce ai lawban ɗin kamfanin amininsu ne. Lawban shi ne maigida da bakin mutanen China, kuma baƙo yakan haddace kalmar tun kafin ya gane hanyar masallaci. Shi ma Mas'udu da haka yake, har ya ɗara su iya cika baki. Abin da ya sauya masa harshe wani ɗan abin kiɗa ne da ake kira mandolin, da abin da ya jawo wa matarsa Salamatou.

A gidan kiɗa aka haife shi. Mahaifinsa, Hadi Maigaraya, shi ake aika wa goro idan za a yi wasan bori a unguwarsu da ƙauyukan kewaye. Kowace iska da takenta. In an kaɗa mata sai ta zo ta hau wanda ta saba hawa, in an gama abin da za a yi sai a kaɗa mata na sallama, mutum ya yi atishawa, ta sauka, ya farfaɗo yana tambayar wanda ya yaga masa riga. Ta gidan su Mas'udu mata take hawa. Ta hau kakarsa, ta hau gwaggonsa, kuma ko a wasa ba a kama sunanta. Baƙuwa kawai ake cewa.

Damina ɗaya tak Mas'udu ya yi yana koyon garaya, lokacin gashin baki bai ko fara tsiro masa ba. Taken Baƙuwa uban ya fara koya masa, tunda ita ce ta gida. Amma kullum sai ya cusa tsumma a ƙarƙashin tsirkiyoyin tukuna, sautin ya shaƙe, don kada wadda ake kira ta ji. Yaron ya iya kiran tsaf. Kafin a kai ga sallama, Hadi ya je wani wa'azi ya dawo jikinsa a sanyaye, ya taka garayar da ƙafarsa, ya jefa gutsattsarin a gulbi, ya kama sayar da albasa. Har ya koma ga Allah bai ƙara yarda an yi zancen kiɗa a gabansa ba. Abin da ya bar wa ɗansa shi ne rabin aiki, da wata magana da ya taɓa yi masa ran da wani ya kawo sabuwar garaya a duba masa.

"Kada kyan fata ya ruɗe ka," in ji Hadi. "Ka yi kira da ita. In anka amsa, ta ƙwarai ce."

Salamatou ɗiyar gwaggon nan ce. Bayan rasuwar uwarta Baƙuwa ta fara nemanta: ciwon kai, yawan shiru, sai a same ta tsaye ta fuskanci bango da rana tsaka. Malamai suka yi ta karatu a kanta har Allah ya ba ta lafiya, suka gindaya sharaɗi ɗaya, kada ta ƙara jin garaya. Mas'udu ya san duk wannan ya aure ta, don yana sonta tun tana tallan ƙosai yana cinye mata na gefen faranti. Da harkar wandunan jins ta kawo shi Guangzhou, ya zama ɗan gari a shagunan Xintang inda ake ɗinka su, bai huta ba sai da ya nema mata takardu ta biyo shi. A ransa ya gama magana: ga teku, ga sahara, ga jami'an shige da fice masu fuska kamar an aiko musu da mutuwa.

"Ke kwantar da hankalinki," yakan ce mata. "Iska ba ta da biza."

"Maigida, ka bar irin wagga magana," ita kuma ta ce, tana dariya tana kai masa dukan wasa da ludayi.

Maigida take ce masa, tun ran da aka ɗaura. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, don kunya irin ta gida. Ran da wata jami'a ta tambaye ta sunan mijinta, sai ta sunkuyar da kai ta nuna fasfonsa da yatsa, jami'ar ta zaci kurma ce.

Wani tsohon bene suke haya a bayan Huanshi, can sama, inda lif ke aiki ran da ya ga dama. A ɗan kicin ɗin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki Salamatou ta kafa sana'a: tuwon shinkafa, miyar kuka, dambu da zogale, tana zubawa a kuloli tana kai wa 'yan kasuwar da taliyar China ta ishe su. Duk benen an san lokacin da take soya barkono. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da su takan buga bango, masu gadi su yi ta tari, amma wadda ke riga kowa atishawa ita ce mai suyar. Wata 'yar siririyar atishawa gare ta irin ta kyanwa, a jejjere, har sai ta dafa bango. Mas'udu ya ce mata "Yarhamukillah," sannan ya ƙara da cewa mai atishawa haka bai kamata a bar ta kusa da tukunyar jama'a ba. Shekarunsu ke nan a haka, lafiya lau, kuma wallahi sun ji daɗin zamansu.

Sai ga Sabiru. Shi Sabiru Bakano ne, irin 'yan kasuwar da ba su da layi: yau fitilar sola, gobe gashin kanti, jibi kujerar mai cire haƙori. Ya samo odar mandolin daga wasu makarantun 'ya'yan masu hali a Abuja, alhali ko hotonta bai taɓa gani ba sai a waya. Wani mai dogon baki ya tsegunta masa asalin Mas'udu.

"Mutumina, ashe kai ɗan gado ne kake ɓoye mana?" Sabiru ya ce, ya tare shi a gindin gada. "An ce babanku makaɗi ne na ji da gani. Zo ka duba min kwalitin wasu kaya, kada Sinawa su yi min sakiyar da ba ruwa."

Shekaru Mas'udu na binne wannan asali, don a cikin alhazan kasuwa ba abin ado ba ne a ce da kai ɗan mai garaya. Ga hanyar kuɓuta a buɗe: ya ce damina ɗaya na yi, ban iya komai ba. Amma dillali ne, kuma an yaba masa uba a bainar jama'a. Sai ya gyara hula.

"Kiɗa ai a jini shike," ya ce. "Mu tahi."

Ɗakin baje kolin yana can bayan gari, hanyar Xintang. Mandolin ɗin ƙarama ce, ba ta kai jita ba, cikinta kamar an raba gora biyu, wuyanta gajere, tsirkiyoyinta na ƙarfe guda takwas, an jera su bibbiyu. Iri uku lawban ya fito musu da su. Sunayen ba su karantu ba, don haka suka raɗa musu na hoton da ke goshinsu, yadda aka saba yi wa shinkafa da batir: Mai Tauraro, Mai Kifi, da Mai Zalɓe. Mas'udu ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa cikinta yadda ake gwada kankana. Ya shinshina. Ya rufe ido ɗaya ya bi wuyanta da kallo, yadda yake duba ɗinkin wando. Lawban na tsaye ya harɗe hannu yana kallonsa, da alama ya gane inda aka dosa. Da Mas'udu ya ga asiri na shirin tonuwa sai ya ce wurin ya cika hayaniya, kunnen gwani shiru yake so. Aka ba su samfur uku, Sabiru ya ce zai leƙa wani gari ya dawo ya ji hukunci.

Lokacin kuwa ƙarshen sanyi ne, kwanakin da bango ke gumi a Guangzhou. Wanda bai zauna garin ba zai ce ƙarya ne. Iska mai ɗumi ke tasowa daga teku ta tarar da gini a sanyaye, sai ka ga ruwa na tsattsafowa a bango da rufi da madubi, tayil ya yi santsi, shanya ta ƙi bushewa, komai na warin rima. Mas'udu ya tura akwatunan ƙarƙashin gado ya ce wa matarsa samfurin kaya ne. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya ba.

Ya jira sai da ta fita da kulolin abincin rana, ya ji saukar takunta a matakala ya ɓace. Sannan ya fito da su ya zauna a tsakar falo. Nan ya fuskanci abin da yake gudu: a duniyar nan take ɗaya ya iya. Ba waƙar biki, ba ta talla, ba ko ta yara. Ya murɗa kunnuwan Mai Tauraro har layi biyu na tsirkiyoyin suka yi kusa da muryar garaya. Idonsa ya sauka a kan tsumman goge tukunya da ke rataye a ƙofar kicin, ya daɗe yana kallonsa. To amma murya aka ce ya auna, ta yaya za ka auna muryar da ka shaƙe? Ya lallashi kansa. Wannan katako ne da ƙarfe, ba ƙwarya da fata ba. Salamatou kuwa tana can ƙetaren gada, ko jiniyar motar kashe gobara ba ta kaiwa can. Kuma ai iska ba ta da biza.

Mai Tauraro ta yi ƙara irin ta gwangwani. Bai kai tsakiyar taken ba ya ajiye ta. Mai Kifi ta fi ta daɗi, amma kunnuwanta sakwa-sakwa ne, kafin ya gama layi ɗaya ta sauka daga inda ya ɗora ta. Har ya fara jin kansa gwani. Ashe abin ba wuya.

Ya ɗauki Mai Zalɓe.

Taɓawar farko ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Kowace tsirkiya in ya taɓa ta, 'yar'uwarta da ke manne da ita sai ta amsa, kamar mai waƙa da 'yar amshi. Sauran biyun ma haka aka ƙera su, amma su tare suke fita. Wannan kuwa amshin yakan ɗan makara, kamar daga wani ɗaki yake zuwa. Yatsun da suka shekara ashirin da ɗoriya suna shafa yadin jins suka tuna hanyarsu ba tare da ya umarce su ba. Bai taɓa jin taken nan a buɗe daga hannunsa ba, kullum a shaƙe ya san shi. Ashe haka yake da daɗi. Ya ga zauren gidansu, ya ji warin turaren da kakarsa ke ƙonawa, ya ga yatsan ubansa mai karyayyen farce. Hawaye ya zubo masa, ya kai ƙarshe ya sake komawa farko.

A zagaye na biyu ne ya lura garin ya yi tsit. Titin Huanshi ba ya shiru ko ranar sabuwar shekara, amma babu hon, babu gunjin injin sanyaya ɗaki, babu talabijin ɗin tsohuwar maƙwabciya. Ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin ya kashe su. Sautin bai mutu nan take ba. Ya ci gaba kaɗan, kuma ba daga cinyarsa yake fitowa ba, daga wajen matakala ne. A bangon da ke kusa da ƙofa, ɗigon gumin da ke warwatse ya haɗu ya gangaro a wuri guda, dogo tun daga rufi har ƙasa, faɗin kafaɗar mutum.

Aka murɗa ƙofa. Salamatou ce. Babu kuloli, babu takalmi, tafin ƙafarta baƙi ƙirin da dattin titi. Matar da ko daga kicin ta fito sai ta yi sallama, ta shigo ba sallama. Ta tsaya daidai inda ruwan nan ya gangaro, ba ta haki, duk da hawan benen da ta yi. Ta dube shi ido cikin ido.

"Mas'udu," ta ce. "Ka kira. Ga ni."

Muryarta ce, ba ta kowa ba. Sunan ne ya sa ya ji kamar an zuba masa ruwan ƙanƙara a baya.

Daga baya wani mai shagon waya ya ba shi labari. Ya ce ya gan ta a tsakiyar gadar Xiaobei, cikin cunkoso, ta tsaya cak ta waiga kamar wadda aka ƙwala wa kira. Ta ajiye kulolin a ƙasa a hankali, ta cire takalmanta ta jera su kusa da su, ta juya.

Da faɗuwa ta yi, ko ihu, ko birgima irin wadda ya gani yana yaro, da ya san inda zai kama. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta wanke ƙafa ta shiga kicin ta ɗora tukunya. Washegari ma haka. Tana girki, tana shara, tana cin abinci. Sai dai ta daina dariya, ta daina tsokanarsa, kuma in ta zauna sai ta miƙe ƙafafu ta harɗe su a idon sawu, zaman da kakarsu kaɗai ya sani da shi. Miyarta ta canza hannu, ta koma irin ta tsofaffin ƙauye, masu saye suka ƙaru har suna yi masa barka. Kuma sunan nan, safe da yamma. Mas'udu, ga ruwa. Mas'udu, rufe taga. Duk lokacin da ta faɗa sai ya ji an ƙara nisanta shi da matarsa.

Ya ɗauko wani malami da suke haɗuwa a masallacin Juma'a. Malam ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ita kuwa tana zaune da ladabi tana saurare, da ya gama ta kawo masa shayi. Malam ya ja Mas'udu gefe ya ce shi bai ga komai ba, wataƙila kewar gida ce. Ya kai ta asibiti, aka auna jini, aka ɗauki hoton kai. Likita ya duba ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Kalmar da masu shago ke faɗa ke nan in ka nemi abin da ba su da shi: babu.

Rannan tana soya barkono, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Tsohuwa ta buga bango. Mas'udu ya yi ta atishawa har idonsa ya yi ja. Da ya ɗago sai ya gan ta tsaye a kan kaskon, fuskarta cikin hayaƙin tsundum, tana juyawa a natse. Ko hancinta bai motsa ba. Nan ya tuna yadda iska ke sauka, ya kuma gane tun ran da ta shigo ba takalmi bai ƙara jin 'yar atishawar nan ba.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai tambaya. Maidaji, tsohon da ya kaɗa wa Hadi caki shekara da shekaru, wato goran nan mai tsakuwa da ke raka garaya. Yana nan da rai a Maraɗi, ido ya tafi, haƙora sun bi shi. Da ƙyar aka haɗa su a wayar wani maƙwabci. Mas'udu ya tsaya a matakala ya zayyana masa komai.

"Da mi ka kira ta?" in ji tsohon. "Ai Hadi ya kashe garaya tai."

"Da wani abu na China, Baba. Katako da waya."

"Kuma ta amsa? Tun daga nan?" in ji Maidaji. "Lalle abin nan na ƙwarai ne." Ya yi tari. "To ka sallame ta mana."

"Ban iya ba, Baba. Ba mu kai nan ba ya tuba."



"Ɗana, ita ba ta tashi don kanta. Wanda ya kira ta, shi ka sallamar ta, kuma da abin da ya yi kiran. Ko wane gwani ka ɗauko, ba ta jin nashi."

"To koya mini, don Allah."

"Ni caki nika kaɗawa. Bugun na sani. Hannun ubanka ban taɓa kallo ba, idona na kan mata kada su faɗa wuta." Ya ja numfashi. "Bari in gwada maka da baki."

Ya yi ta gunguni a waya, muryar tsufa tana hawa tana zamewa. Ya yi sau ɗaya, ya ce a'a ba haka ba, ya sake, na biyun bai yi kama da na farko ba. Abin da Mas'udu ya tsira da shi bugu ne, da wata gangara a ƙarshe da tsohon ya ce ita kam ya tabbata da ita. Kafin bango ya daina gumi a shekarar aka aiko cewa Maidaji ya rasu.

Sabiru ya dawo ya zo har gida jin hukunci. Aka zuba masa tuwo, ya ci ya yi santi, ya side hannu.

"To gwani, wacce za mu loda?"

Mas'udu ya dubi akwatunan uku. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ban sani ba."

"Kamar ya ba ka sani ba? Mako nawa suna hannunka!"

"Damina ɗaya na yi ina koyo, Alhaji. Take ɗaya na iya, shi ma rabi. Ban san mai kyau ba, ban san marar kyau ba. Nemi wanda ya sani."

Sabiru ya fara faɗa, yana cewa an ɓata masa lokaci. Sai murya ta fito daga ƙofar kicin. Salamatou ce tsaye, matar da a da ko gaisawa da baƙo sai daga bayan labule.

"Mai Zalɓe," ta ce. "Daga nesa anka ji ta."

Sabiru ya washe baki. "Ka ji! Ashe madam ce mai kunnen." Ya tattara akwatunan, ya miƙa hannu zai ɗauki na ukun, Mas'udu ya danne shi da gwiwa ya ce wannan kam ba ta fita daga gidan nan, a sa kuɗinta a kansa. Sabiru ya ɗauka son kaya ne, abin ma ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Mai Zalɓe ya loda, kwantena guda, ta bi teku ta nufi gida. Mas'udu yakan gaya wa kansa cewa 'ya'yan masu hali na Abuja ba su san taken kowa ba.

Tun daga nan ya rage zuwa Xintang. Da safe yana raka baƙi kasuwa, abin da ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, wasu su gudu wajen masu dafa ƙirji, wasu su manne masa saboda haka. Bayan la'asar kuwa yana gida, Mai Zalɓe a cinya, yana laluben abin da ubansa ya jefa a gulbi. Ya ɗauki bugun Maidaji, ya ɗora masa wannan, ya sauke, ya ɗora wancan. Yatsunsa sun yi kanta. Ita kuma takan zo ta zauna a gabansa, ƙafafu a miƙe, ta zuba masa ido, ba ta hana shi, ba ta taya shi.

Sau ɗaya ya kusa. Wata la'asar ce da ruwa ke zuba, ya gaji har ya daina tunanin abin da yake yi, hannun na tafiya shi kaɗai. Sai ya ji ya faɗa wata hanya da bai taɓa bi ba, tana sauka a hankali zuwa gangarar nan ta Maidaji, amshin tsirkiyoyin yana ja da baya, yana nisa. Ya ɗaga kai. Salamatou ta janye ƙafafunta ta lanƙwashe su a gefe, zamanta na da. Kafaɗunta suka sauko. Ta dubi falon kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya, ta dube shi, kunya ta sa ta kawar da ido. Hancinta ya tattare, ta ɗaga haɓa, ta ja numfashi guntu-guntu.

"Maigida," ta ce da ƙyar, "kada ka tsaya."

Da gwani ne, da ya rufe ido ya bar hannu ya ƙarasa. Shi kuwa ɗan damina ɗaya ne. Da jin kalmar nan sai ya sunkuya ya dubi yatsunsa don ya ga inda suke, kada ya yi kuskure. Yana dubawa suka rikice. Tsirkiya ta yi wani ɗan kuka mara daɗi, hanyar ta ɓace.

Ta sauke haɓarta. Numfashin da ta tara ya fita a hankali ta baki. Ta miƙe ƙafafu, ta harɗe su a idon sawu.

"Mas'udu," ta ce, "koma wa kiran. Shi ka iya."

Bai koma ba, kuma ya yi rantsuwa ba zai ƙara kaɗa shi ba har abada. Ya kifa kansa a kan katakon ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ran da aka binne ubansa, ita kuwa ta tashi ta ɗora ruwan tuwo.

Yana nan har gobe. In ka bi ta bayan Huanshi bayan la'asar, ka ɗaga kai wajen tsohon benen nan, za ka ji wani yana taɓa tsirkiya, ya ɗan yi gaba, ya tsaya, ya koma baya. Maƙwabta sun ce bai iya ba, kuma gaskiyarsu. Duk sanda ya tsaya, ba hutawa yake ba, kasa kunne yake wajen kicin ko zai ji atishawa.